Dokin da ya bar gudu yana shekara 4, kuma sai a lokacin kuɗinsa ya fara shigowa

Duk ƙarshen shekara, wajen watan Nuwamba haka, manyan gonakin kiwon dawakin tsere na Ingila da Ailan da Amurka suna fitar da jerin farashinsu, kuma in jerin nan ya faɗo a waya sai gardama ta kaure tsakanin masu sha'awar doki na nan Kano, daga samarin da ke fita kilisa da yamma har masu leƙa Filin Sukuwa. Wanda ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne na wani doki mai suna Frankel, da aka ce a 2024 sai an biya fam 350,000 kafin ya hau goɗiya ɗaya. In ka ɗauki fam a naira 2,000, naira miliyan 700 kenan, kuma ba kuɗin sayen dokin ba ne fa, kuɗin barbara ne kawai. Wasu su ce ƙarya ce ta intanet, wasu su ce toh in har dokin ya kai haka me ya sa aka cire shi daga tsere tun 2012 alhalin ko sau ɗaya ba a taɓa wuce shi ba.

Farashin dai gaskiya ne. Abinda ke kawo ruɗanin shi ne mu nan gudun muke kallo a matsayin sana'ar dokin, su kuma masu harkar gudun ɗan gajeren zango ne a wajensu, babbar kasuwar tana barga.

Wane irin doki ake magana a kai

Jinsin da ake kira Thoroughbred ba kowane doki mai gudu ba ne, kuma ba a shiga cikinsa da kyau ko tsayi ko sauri. Doki ne da sunan uwarsa da ubansa ke cikin littafin rajista, su ma nasu iyayen suna ciki, haka har a koma shekara 300 baya. Ta wajen uba dukkansu suna komawa ga ingarmu uku da aka kai Ingila daga gabas: Byerley Turk a wajajen 1680, Darley Arabian da aka sayo a Halab ta ƙasar Siriya aka kai shi a 1704, sai Godolphin Arabian a wajajen 1730. Aka riƙa haɗa su da goɗiyoyin Ingila. A 1791 wani James Weatherby ya fara buga littafin asalin dawakin, kuma har yau kamfanin zuri'arsa ne ke riƙe da shi. Littafin a rufe yake, wato ko dokinka ya fi iska gudu in iyayensa ba sa ciki ba zai shiga ba. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna kusan kashi 95 cikin 100 na dawakin yau ta wajen uba daga Darley Arabian suka fito, ta hanyar wani jikan jikansa Eclipse da aka haifa a 1764, wanda ya yi tsere 18 ya ci 18.

Akwai wata doka da sai an san ta sauran lissafin zai fito. A ƙasashen arewacin duniya, duk dokin tsere ranar 1 ga Janairu yake ƙara shekara ko da wane wata aka haife shi, a kudu kuma kamar Ostareliya 1 ga Agusta ne. Dukushin da aka haifa a Fabrairu da wanda aka haifa a Yuni aji ɗaya za a sa su, alhalin na farkon ya girme shi da wata huɗu, kuma wata huɗu a jikin doki ɗan shekara 2 ba wasa ba ne. Cikin goɗiya wata 11 ne, dan haka kowa so yake a yi barbara daga tsakiyar Fabrairu, har fitila ake kunna wa goɗiyoyi a barga tun Disamba domin jikinsu ya ɗauka rana ta yi tsawo su nemi namiji da wuri.

Shekarun gudu ba su da yawa

Dukushi yana shekara 1 ake kai shi gwanjo, manyan kasuwannin su ne Tattersalls a garin Newmarket na Ingila da Keeneland a jihar Kentaki ta Amurka. Ba wanda ya taɓa ganin gudunsa a lokacin, ba a ma ɗora masa sirdi ba. Masu saye suna duba takardar asali, su sa a zagaya da shi su ga takunsa, likita ya duba hoton ƙashin ƙafafu ya leƙa maƙogwaro da na'ura, shikenan sai a fara tayi. Yana shekara 2 ya fara tsere gajeru. Shekara 3 ita ce shekarar da ake yanke masa hukunci, domin manyan gasannin gargajiya na 'yan shekara 3 ne kaɗai, sau ɗaya doki ke samun damar shiga a rayuwarsa. A Ingila akwai 2000 Guineas mai nisan mita 1,600, da Derby ta Epsom da ake yi tun 1780 mai kusan mita 2,400, da St Leger wadda ta fi su tsawo. A Amurka akwai Kentucky Derby da Preakness da Belmont, kuma dawaki 13 ne kawai suka taɓa haɗa ukun.

Tun 1971 Turai ta kasa manyan tsere zuwa aji uku, aji na ɗaya shi ne ƙololuwa. Dokin da ya ci irin wannan tseren ana rubuta sunansa da baƙin rubutu mai kauri a littafin gwanjo, kuma wannan rubutun ba shi kaɗai yake yi wa amfani ba, uwarsa da ƙannensa da 'ya'yan 'yan uwansa mata duk farashinsu tashi yake. Tseren kamar jarrabawa ce, sakamakon shi ake ɗauka a kai kasuwa.

Lissafin Frankel

An haife shi a 2008 a gonar Juddmonte ta Yarima Khalid bin Abdullah na Saudiyya. Ubansa Galileo, wanda ya ci Derby a 2001 kuma ya zama zakaran ingarmun Ingila da Ailan, wato wanda 'ya'yansa suka fi ciyo kuɗi a shekara, har sau 12. Uwarsa sunanta Kind. Mai horar da shi Henry Cecil, mahayinsa Tom Queally. Daga 2010 zuwa 2012 ya yi tsere 14 ya ci duka, 10 daga ciki na aji na ɗaya. A 2000 Guineas ta 2011 tun daga tashi ya fice ya bar su, kafin rabin hanya tazarar ta zama abin mamaki, ya gama da tsawon doki 6 tsakaninsa da na biyu. A filin tsere na Ascot a 2012 tazarar tsawon doki 11 ya bayar. Kamfanin Timeform mai auna ƙarfin dawaki ya ba shi maki 147, mafi girma da ya taɓa bai wa dokin tseren fili. Masu suka dai suna cewa bai taɓa fita wajen Ingila ba, kuma bai gwada nisan Derby ba.

Yanzu ga inda lissafin yake. Duk abinda ya ciyo a fili cikin shekara uku bai cika fam miliyan 3 ba, saura kaɗan. Da aka mayar da shi bargar Banstead Manor kusa da Newmarket a 2013, aka sa kuɗin barbararsa fam 125,000, kuma a shekarar farko goɗiya 133 ya hau. In ka ninka, ya haura fam miliyan 16. Ba duka ne ke shiga aljihu ba, domin wasu goɗiyoyin na mai gidan ne, wasu kuma ba su ɗauki ciki ba, amma ko ka zubar da kashi ɗaya cikin uku, wata biyar na barga sun ninka shekara uku na gudu sau da yawa.

Farashin bai tsaya nan ba saboda 'ya'yan sun yi gudu. Cracksman ya ci babban tseren Champion Stakes na Ingila a 2017 da 2018, Adayar ya ci Derby a 2021, Alpinista ta ci Arc, babbar gasar Faransa, a 2022, wata Soul Stirring ta ci babbar gasar dukusai a Japan. A 2021 Frankel ya karɓe kambun zakaran ingarmu, a shekarar da ubansa Galileo ya mutu. Kuɗin ya tashi zuwa 175,000, ya je 200,000, ya je 275,000 a 2023, sannan 350,000. Shi kuma mai biyan ba hauka yake ba, lissafinsa shi ne in goɗiyar ta haifi ɗa mai kyau zai iya sayar da shi a gwanjo fiye da abinda ya kashe, in kuma mace ce ko ba ta yi gudu ba jinin ya shiga garkensa.

Gardamar ritaya da wuri

Frankel ma ya daɗe, tunda ya kai shekara 4. Secretariat na Amurka, wanda ya ci Belmont a 1973 da tazarar tsawon doki 31, yana shekara 3 aka ajiye shi, kuma tun kafin ya shiga manyan gasannin an riga an raba shi hannun jari 32 a kan dala miliyan 6.08. Sea The Stars ya ci tsere 6 na aji na ɗaya a 2009 aka ce ya isa. Justify ya haɗa ukun Amurka a 2018, tsere 6 kacal ya yi a rayuwarsa. Flightline shi ma 6 ya yi ya tafi a 2022, kuma a gwanjo an sayar da kashi 2.5 cikin 100 na mallakarsa a kan dala miliyan 4.6, wato ɗaya bisa 40 na dokin ya fi duk kuɗin da ya ciyo a fili.

Masu dawakin suna cewa duk wanda ke wurinsu haka zai yi. Doki mai nauyin kilo 500 yana gudun sama da kilomita 60 a awa a kan ƙafafu sirara, taku ɗaya ya kuskure an gama, kuma karayar doki ba kamar ta mutum ba ce domin ba ya iya kwanciya jinya na watanni. Barbaro ya ci Kentucky Derby a 2006, sati biyu bayan nan ya karye a Preakness, aka yi ta jinya har farkon 2007 bai tashi ba, bai bar ɗa ko ɗaya ba. Ga kuɗin inshora da ke hawa da darajar dokin, ga kuma haɗarin a wuce shi sau biyu farashin barbararsa ya faɗi. Sukan ƙara da cewa kuɗin ingarma ɗaya mai kasuwa shi ke ɗauke asarar dawaki ɗari da ba su yi komai ba.

Masu adawa, waɗanda suka haɗa da 'yan kallo da wasu masu horarwa da marubutan harkar, suna cewa ana kashe wasan da hannu, da zarar jama'a sun san sunan doki sai a ɗauke shi. Hujjarsu mafi nauyi ita ce ta lafiya: dokin da ya yi tsere 6 bai nuna ƙashinsa na da juriya ba, amma za a ba shi goɗiya sama da 100 a shekara ya yaɗa jininsa. Suna nuna alƙaluman Amurka, inda a 1960 doki kan yi tsere kusan 11 a shekara, yanzu ya dawo wajen 6. Ɗaya ɓangaren kuma ya ce wannan raguwar daga salon horo ne da tsarin magunguna, ba lallai daga jini ba. Ba a rufe wannan gardamar ba har yanzu.

Manyan kyaututtukan ƙasashen Larabawa sun ɗan taɓa lissafin. Gasar Dubai World Cup da aka fara a 1996 ta kai dala miliyan 12, Saudi Cup da aka fara a Riyad a 2020 dala miliyan 20 ce. Wannan na iya sa a bar doki mai matsakaicin asali ya ƙara shekara ɗaya ko biyu, amma ga irin su Flightline ko wannan bai kai abinda barga za ta kawo ba.

Ba kowane zakara ke haifar zakara ba

An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma duk kasuwar a kan wannan zaton aka gina ta, saidai tarihin harkar cike yake da 'ya'yan barewa masu rarrafe. A 1983 Sheikh Mohammed na Dubai ya sayi dukushi mai suna Snaafi Dancer a kan dala miliyan 10.2, dokin bai taɓa shiga tsere ba saboda rashin sauri, da aka kai shi barga kuma aka tarar kusan ba ya haihuwa. The Green Monkey dala miliyan 16 aka saye shi a 2006, ya yi tsere 3 bai ci ko ɗaya ba. Cigar ya ci tsere 16 a jere har da Dubai World Cup ta farko, amma ko goɗiya ɗaya bai yi wa ciki ba, sai kamfanin inshora ne ya biya. Fusaichi Pegasus ya ci Kentucky Derby a 2000 aka saye shi kan kuɗin da rahotanni suka ce ya haura dala miliyan 60, kuɗin barbararsa ya fara daga sama da dala 100,000 ya gangaro har 7,500. Shi kansa Secretariat bai haifi kamarsa ba, ta 'ya'yansa mata jininsa ya yi suna, domin su suka haifi manyan ingarmun Amurka Storm Cat da A.P. Indy.

Ta ɗaya gefen kuma ga Northern Dancer, ɗan guntun doki daga Kanada da aka haifa a 1961, aka sa masa dala 25,000 yana dukushi ba wanda ya taya. Ya ci Kentucky Derby a 1964, sannan ya zama ingarman da ya fi kowa tasiri a ƙarnin da ya wuce. Shi ya haifi Sadler's Wells, wanda shi kuma ya haifi Galileo, uban Frankel. Ta wajen uwa ma Frankel yana komawa ga Northern Dancer.

Akwai kuma jinkirin da ke cikin abin. Ingarma ya fara barbara bana, baɗi a haihu, sai bayan shekara biyu 'ya'yan su fara tsere, sai shekara ta biyar a ga ko sun kai na manyan gasa. Duk tsawon lokacin nan a kan zato ake biya, shi ya sa sabon ingarma ke cika da goɗiyoyi a shekarar farko, a ta uku da ta huɗu kasuwa ta ja baya ana jiran sakamako. Mafi yawansu ba sa tsallake wannan matakin, sai a rage musu kuɗi ko a sayar da su wata ƙasa.

Dole sai an haɗu

Abinda ya riƙe farashin a sama wata doka ce guda: ba a rajistar dukushi sai ingarma ya hau goɗiya da kansa. Ɗura maniyyi ta bututu, dashen ɗan tayi, kwafin halitta, duk an hana. Dan haka goɗiyar ce ake ɗaukowa a mota ko jirgi. Kafin a shigo da ita likita ya tabbatar lokacinta ya yi, akwai ma wani doki na daban da aikinsa kawai a kai shi kusa da ita a ga ko ta yarda, a sa mata takalma masu laushi a ƙafafun baya kada ta yi harbi, a ɗora mata fata a wuya saboda cizo, mutum uku ko huɗu suna riƙe, cikin 'yan mintuna an gama. Ingarma mai kasuwa yakan yi haka sau uku a rana daga Fabrairu zuwa Yuni, wasu ma in kakar arewa ta ƙare a sa su a jirgi zuwa Ostareliya su yi ta kudu.

Masu kare dokar suna cewa in aka saki bututu, ingarma biyar za su haifi rabin dawakin duniya, jini ya ƙuntace. Masu suka suna cewa maganar jini fakewa ce, farashi ake karewa, kuma ai jinin ya riga ya ƙuntace, tunda wani bincike da aka buga a 2020 ya nuna auren zumunci a jinsin yana ta ƙaruwa cikin shekara 45 da suka wuce. A da hannun jari 40 ake raba ingarma ya hau goɗiya kusan 40, yanzu akwai masu haura 200. Hukumar rajista ta Amurka, Jockey Club, ta sa doka a 2020 cewa kada a wuce 140, manyan gonaki uku suka kai ta kotu, a 2022 ta janye.

Masu bin wasan folo a Kano da Kaduna da Katsina za su ga bambancin, domin a harkar folo ba wannan takunkumin. A Ajantina dashen ɗan tayi abu ne na yau da kullum, kuma a 2016 fitaccen ɗan wasan folo Adolfo Cambiaso ya hau kwafin halitta 6 na goɗiyarsa Cuartetera a babban wasan ƙarshe na ƙasar.

Goɗiya, dandaƙaƙƙe, da sauran da ba a jin labarinsu

Goɗiya ɗa ɗaya take haifa a shekara, dan haka ba a gaggawar ajiye ta. Enable, ita ma ta Juddmonte, ta yi gudu har shekara 6 ta ci Arc sau biyu, Winx ta Ostareliya ta ci tsere 33 a jere. Dokin da aka dandaƙe kuma ba shi da wata sana'a ta biyu, sai ya yi ta gudu har ƙarfi ya ƙare, kuma yawancin maza dandaƙe su ake yi domin su natsu. Derby ta Epsom da Arc ba sa karɓar dandaƙaƙƙe, dalilin a fili yake, an shirya su ne domin tace waɗanda za su haifi na gaba.

Mazan da ke samun gurbin barbara 'yan kaɗan ne ƙwarai. Sauran wasu su koma folo ko tsallake shinge ko hawan nishaɗi, wasu kuma ƙarshensu ba daɗi. Ferdinand da ya ci Kentucky Derby a 1986 an sayar da shi Japan, barbararsa ba ta yi kasuwa ba, kuma rahotanni sun nuna a mahauta ya ƙare a 2002. Labarinsa na cikin abinda ya tayar da ƙungiyoyin kula da tsofaffin dawakin tsere.

Abinda malamai suka ce

Mai karatu a Kano dole ya yi wannan tambayar. Tseren doki kansa ya tabbata a sunna, an ruwaito Annabi (SAW) ya shirya tsere tsakanin dawaki a Madina, kuma doki na cikin abubuwa uku da hadisi ya halatta sa kyauta a gasarsu, tare da raƙumi da harbi. Cacar 'yan kallo kuma ba saɓani a kan haramcinta, shi ya sa ba a yin ta a filayen Dubai da Riyad, duk da cewa a Ingila da Amurka kuɗin caca na cikin abinda ke riƙe da wasan.

Kuɗin barbara ne ke da magana. Akwai hadisin Ibn Umar a Bukhari da ya hana karɓar kuɗin barbarar namijin dabba, kuma mafi yawan malaman Hanafiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya sun tafi a kan hanin, saidai sun yarda a karɓi kyautar da ba a sharɗanta ba. Malikiyya, da aka fi bi a nan, sun fassara hanin da cewa shi ne a yi ciniki a kan sai goɗiya ta ɗauki ciki, domin wannan ba a hannun kowa yake ba, amma hayar ingarma na wani lokaci sananne ko adadin hawa sananne sun halatta. Abin lura shi ne yawancin kwangilolin Turai da Amurka a kan ciki ko haihuwar ɗa mai rai ake ɗaure biyan. Wanda zai shiga harkar sai ya kai wa malaminsa ainihin sharuɗɗan cinikinsa.

Inda abin ya taɓa mai doki a Kano

Dokin da aka gina domin ya yi minti biyu yana gudu da mahayi mai kilo 57 ba shi ne dokin Hawan Daushe ba. Na hawan sallah ana so ya ɗauki babban sirdi da kayan ado da mahayi cikin rawani da alkyabba, ya yi awanni a rana cikin turmutsutsu, ga kalangu da algaita ga 'yan bindiga suna harbi a gefensa bai firgita ba. Shi kuwa ɗan asalin tsere fatarsa sirara ce, jininsa a kusa yake, kofatonsa ba ya son ƙasa mai tauri, cinsa ma ya wuce harawa da dusa da ɗan kanwa da aka saba. Inda jininsa ya fi amfani a nan shi ne sukuwa da folo, musamman in an gauraya shi da dawakin da suka saba da zafinmu.

Masu mafarkin kiwo su fitar waje kuma akwai katangar cuta. Cutar dawaki ta Afirka, wadda wasu ƙananan ƙwari masu cizo ke yaɗawa, tana kashe dawakin da aka shigo da su fiye da na gida, kuma saboda ita ƙasashen Turai ke tsaurara shigar doki daga nahiyar. Afirka ta Kudu ma da ke da littafin rajista da manyan gonaki ta yi shekaru dawakinta sai sun bi ta tsibirin Morishas sun yi watanni a killace kafin su isa Turai.

Ga samarin da ke ganin tseren Ingila a manhajojin caca suna cewa ai ɗan wane ne ba zai faɗi ba, labarin Snaafi Dancer da The Green Monkey ya nuna masu miliyoyin dala da likitoci da ƙwararru ma zato suke yi.

Wanda abin ya fi shafa kai tsaye shi ne mai saye. Sunan jinsin yana ƙara wa doki kuɗi, dan haka dillali zai iya kiran duk wani dogon doki mai siririn ciki da shi. Na gaskiya yana da fasfo ɗauke da sunan uwa da uba da zanen alamomin jikinsa, an tabbatar da iyayensa ta gwajin DNA, kuma akwai 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa da ake dasa masa a gefen hagu na wuya wadda likitan dabbobi zai iya karanta lambarta ya gwada da ta fasfon. Ɗan da ingarma mai rajista ya haifa da goɗiyar gida ruwa biyu ne, zai iya yin gudu sosai a Filin Sukuwa ya kuma yi tsada a kan gudunsa, amma ba ya shiga littafin, 'ya'yansa ma ba sa shiga, kuma bai kamata a biya kuɗin takarda a kansa ba.